Bashin Ludayi a Bunza

Motarmu ta mutu a Bunza bayan isha'i.
Fambel ya tsinke, direba ya ce sai gobe.
Fasinjoji suka watse neman shimfiɗa,
ni kuwa yunwa ta ja ni ta hanci
zuwa inda hayaƙi ke tashi, bayan tasha.

Kasuwa ce da ba ta taɓa ganin rana ba.
Fitilun caji rataye a wuyan sanduna,
aci-balbal guda tak, ta tsohuwa mai ƙuli-ƙuli,
janareta na tari kamar mai ciwon ƙirji,
sauron fadama sun fito cin tasu kasuwar
a idon sawuna.

Jatau ya kafa tsire kewaye da wuta
kamar dattawa sun zauna shawara.
Kitse na ɗiga, garwashi na tsaki.
Ya yanka albasar Aleru a kai
ya naɗe mini a takardar jarrabawar wani yaro:
lissafi, shida cikin ashirin, da jan biro,
mai ya ratsa ta har kuskuren ya yi sheƙi.

Gwamma na juya tarwaɗa a kasko.
"Ta yau ce," in ji ta, "da la'asar tana iyo."
Yajinta ya cika mini ido da ruwa.
Ta ce, "Baƙo, kuka tun ban faɗi kuɗi ba?"
Matan da ke gefe suka kwashe da dariya,
wata ta miƙo kunun aya, ƙanƙara ta kusa narkewa.
Na sha. Na biya. Aljihu ya yi shiru.

Can ƙarshen layi, inda haske ya gaji,
wani tsoho a kan buzu, Nomau sunansa.
Ƙore a kife, faifai uku saƙar matarsa,
mafici na kaba, da tarin ludaya.
Wuƙa a cikin garwashi, sai ta yi ja
ya zaro, ya ja layi a bayan duma,
ƙauri ya tashi, kifi ya fito.
Bai ɗago ba. Ya sake ja. Kifi na biyu,
sai kwale-kwale babu matuƙi.

Na ce nawa. Ya ce ɗari bakwai,
bai bar wa tayi ƙofa ba, ni ma ban nema ba.
Na laluba gaba, na laluba baya,
na zaro waya, na ce zan tura.
Ya kira jikansa mai lambar asusu,
muka ɗaga wayar sama kamar masu duban wata,
sabis ya ƙi tsayawa.

Tsohon ya hura toka daga ludayin,
ya sa mini a hannu, da ɗuminsa.
"Tahi da shi," ya ce.
"Wanda ya ci kifin garin ga, hanya na maido shi."

Shekara uku ke nan.
Sau biyu na ratsa Bunza, duk da rana tsaka:
tebura a kife, awaki kwance a ƙarƙashi,
toka mai sanyi inda Jatau ke zama.
Na tambayi mai faci, ya ce Nomau wanne?
Akwai na Tunga, akwai mai jaki, akwai wanda ya rasu bara.
Direba na ta oda. Na koma mota.

Ludayin na nan cikin kwanon furarmu.
Kifi guda ya fara gogewa,
bakin ya ɗan tsage, 'yata ta ɗinke da zare.
Da shi take sha, ba ta yarda da cokali.
Kowace kurɓa ina ji a raina
ɗari bakwai na ƙara nauyi,
kuma har yau ban iya roƙon Allah
ya sake kashe mini mota da dare ba.